Gyaran Hoto a Hannun Malamin Firamare: Abin da Ya Kamata Mu Iya da Inda Ya Kamata Mu Tsaya

Wannan shi ne matanin jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman firamare na yankin Ƙofar Mazugal, Ƙaramar Hukumar Dala. An buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba da kuma iyalansu.

Gabatarwa



Muna godiya da aka ba mu wannan dama, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koya mana riƙon alƙalami. Ba mu tsaya gabanku da sunan gwanayen kwamfuta ba. Lokacin da muke kwalejin ilimi, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, kwamfutocin makarantar a ɗaki guda suke, kuma galibi a kulle. Hoto kuwa sai mutum ya yi wanka ya saka kayan sallah ya tafi situdiyo, a ɗauke shi, ya koma gida ya jira kwana biyu ko uku kafin a wanko. Ɗan abin da muka sani a wannan fanni, larura ce ta koya mana shi, kuma za mu fara da ba ku labarin larurar.

Bara waccan, da lokacin rajistar jarrabawar 'yan aji shida ya zo, muka jera yara a jikin bangon aji muka ɗauki hotunansu da waya, muka kai wani shagon intanet. Shafin rajista ya ƙi karɓa: wasu hotunan sun yi nauyi, wasu sun yi duhu. Mai shagon ya ce zai gyara, kowane kai da kuɗinsa. Muka biya, muka tafi, ba mu tsaya mun duba aikin ba. Ashe ya bi fuskokin yaran ya haska su, ya kuma matse hotunan ta gefe har suka yi tsawo. Ranar jarrabawa, mai sa ido ya dubi takardar wata yarinya, baƙa ce kyakkyawa kuma tana cikin masu ƙoƙarin ajin, ya dubi fuskarta, ya ce wannan ba ita ba ce. Aka tsayar da ita a bakin ƙofa tana kuka, abokan karatunta na ciki suna rubutu, sai da shugaban makaranta ya zo da rajistar aji ya shaide ta. Ta shiga, amma da wane hankali? Mai sa ido aikinsa ya yi. Mai shago ya yi iyakar saninsa. Sakacin namu ne, domin mun miƙa amanar yara ga wani a kan aikin da ba ya ɗaukar minti uku ga wanda ya iya.

Yau kuwa hoto ya shiga kowane lungu na aikinmu: rajistar jarrabawa, tantance ma'aikata, takardun Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, rahoton da ake aika wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya, kayan koyarwa, har da koken da ƙungiya ke kaiwa gaban hukuma a kan ajin da rufinsa ya yaye. Saboda haka za mu yi magana a kan yadda hoto yake a cikin waya, da matakan gyara shi, da kuma iyakar da bai kamata malami ya tsallake ba.

Mene Ne Hoto a Cikin Waya?

Duk wanda ya taɓa duban hular zanna ko aikin kwado da linzami a kusa ya san cewa zanen da ake gani daga nesa tarin ƙananan ɗinki ne, ɗaya kusa da ɗaya. Haka hoton waya yake. Tarin ɗigo-ɗigo ne masu launi, kowane ɗigo ana kiransa fiksel. Idan aka ce kyamarar waya mai megafiksel 12 ce, ana nufin hotonta yana da ɗigo kusan miliyan 12, wato kamar 4000 a kwance da 3000 a tsaye.

Abu biyu ne suke rikita masu koyo, kuma su ne suka kayar da mu a shagon nan. Na farko shi ne girman hoto, wato yawan ɗigonsa a kwance da a tsaye. Na biyu shi ne nauyinsa, wato wurin da yake ci a cikin waya, wanda ake aunawa da kilobayit da megabayit, megabayit ɗaya kuwa kusan kilobayit 1000 ne. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit 2 zuwa 5, alhali shafukan rajista da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce 'yan kilobayit gomomi. Ke nan dole a rage, kuma akwai hanyar ragewa da ba ta ɓata fuska.

Idan bugawa za a yi a takarda, ƙa'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 yana buƙatar ɗigo 413 da 531 kacal. Hoton da ake sakawa a albam, mai inci 4 da 6, yana buƙatar 1200 da 1800. Cikakkiyar takardar A4 kuwa 2480 da 3508. Daga wannan lissafi za mu gane cewa wayar da ke aljihun mafi yawanmu ta wadatar, ba sai an ci bashi an sayi mai tsada ba.

Sai kuma nau'in fayil. Mafi yawan hotuna JPEG ne, tsarin da aka fitar a 1992. Yana rage nauyi ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanan hoton, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubar da wani abu, tamkar takardar da ake yi wa fotokwafi daga fotokwafi har rubutun ya dushe. PNG ba ya zubar da komai, shi ya sa ya fi dacewa da tambarin makaranta, taswira da zane mai rubutu, sai dai ya fi nauyi.

Kafin a Taɓa Manhaja

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Rabin gyaran hoto ana yin sa ne tun kafin a danna. A goge idon kyamara da gefen riga mai taushi, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Yawancin hotunan da muke cewa waya ce ba ta da kyau, maiƙon yatsa ne da ƙura. Kada a tsayar da yaro taga na bayansa, domin zai fito kamar inuwa. A juyo da shi ya fuskanci hasken, ko a fitar da shi baranda inda akwai inuwa mai haske. A guji ranar tsaka, wadda ke sa yara runtse ido ta kuma jefa duhu a ƙarƙashin gira; hantsi da bayan la'asar sun fi. Idan hoton fasfo ne, a rataya farin yadi ko kwali mara tabo, yaron ya ɗan matso gaba daga bangon don kada inuwarsa ta faɗa a kai, wayar kuma ta daidaita da idonsa. Kada a jawo hoto da yatsu biyu daga nesa. A taka da ƙafa a matsa kusa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. Idan yarinya ta saka farin hijabi ta tsaya a jikin farin bango, sai kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskar ta nutse cikin duhu. Wannan ba sabon abu ba ne: a shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi aka riƙa daidaita launi, aka daɗe ba a yi la'akari da baƙar fata ba. Maganin abin a waya mai sauƙi ne: a taɓa fuskar yaron a kan allon waya kafin a ɗauka, sai kyamara ta auna haskenta daga fuskar.

Wace Manhaja?

Sunan da kowa ya sani shi ne Photoshop, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, har sunansa ya zama kalmar da ake kiran duk hoton da aka yi wa coge. Amma na kuɗi ne, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma ya fi ƙarfin buƙatarmu. Ga mai waya, manhajar ajiyar hotuna da ta zo da wayar tana datsa, tana miƙewa, tana gyara haske. Wanda yake son ƙari sai ya sauke Snapseed, mallakar Google tun 2012. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da data ba. Ga makarantar da ke da kwamfuta akwai GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara a 1995. Ita ma kyauta ce, ba ta buƙatar intanet. Canva kuwa ta fi amfani wajen haɗa sanarwa, katin gayyata da takardar yabo. Shawararmu ita ce mutum ya riƙe guda ɗaya har hannunsa ya faɗa, maimakon ya cika waya da manhajoji goma masu talla da cin caji.

Matakai Shida

Mataki na farko, a ajiye asali. Kada a taɓa yin gyara a kan hoton da kyamara ta ɗauka. A yi kwafinsa, ko kuma idan an gama a zaɓi ajiyewa a matsayin sabon kwafi. Asalin shi ne hujjarmu idan gardama ta taso, shi ne kuma madogara idan gyara ya ɓaci.

Na biyu, miƙewa da datsa. Alamar wannan aiki a kusan kowace manhaja ita ce kusurwa biyu da suka sarƙe suka yi murabba'i. A fara miƙe hoton, a daidaita shi da layin da aka san a miƙe yake, kamar gefen allo ko dokin ƙofa. Sannan a datse abin da ba shi da amfani: bokitin shara, rabin kan wani, igiyar shanya. A hoton fasfo, kai da kafaɗu ake so, fuska a tsakiya, a bar ɗan fili a saman kai. A sauran hotuna, manhaja takan shimfiɗa layuka huɗu da ke raba hoto gida tara. Idan aka ɗora abin da ake son nunawa a inda layukan suka haɗu, hoton yakan fi daɗin kallo. A nan ne za mu ja kunne: kada a ja hoto ta gefe ɗaya don a cika wani gurbi. Idan gurbin bai dace da hoton ba, datsa ake yi. Ja ta gefe shi ne yake mayar da mai zagayayyar fuska mai doguwa.

Na uku, haske, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Manhaja tana ba da ma'aunai da ake ja dama ko hagu. Akwai na haske gaba ɗaya, akwai na bambancin haske da duhu, akwai wanda ya keɓanta da wuraren inuwa, akwai kuma na wuraren da haske ya yi yawa. Kuskuren mai koyo shi ne ya kama na farkon ya ja shi har ƙarshe. Idan aka yi haka ga hoton yarinyar nan mai farin hijabi, hijabin zai ƙone ya haɗe da bango, fuskar kuma ta yi toka-toka. Abin da ya dace shi ne a ɗaga ma'aunin inuwa kaɗan-kaɗan har ido da hanci da baki su fito, sannan a sauke na wuraren haske har ninkin hijabin ya bayyana. Hoton da aka ɗauka cikin hazo yakan yi fari-fari kamar an yafa masa gari. Shi kuma ƙarin bambancin haske da duhu yake so. Bayan kowane ja, a danna hoton a riƙe, ko a taɓa alamar kwatantawa, a ga yadda yake a da. Ma'aunin da za mu riƙe shi ne wannan: idan uwar yaron ta gani, za ta ce ɗana ne ba tare da ta sake dubawa ba?

Na huɗu, launi. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana sa hoto ya yi ja-ja, inuwa kuma tana sa shi ya yi shuɗi-shuɗi. Ma'aunin ɗumin launi shi ne yake gyara wannan. A nemi abin da aka san fari ne a cikin hoton, kamar takarda ko alli, a ja ma'aunin har ya koma fari sosai, sauran launuka za su bi. Ma'aunin ƙarfin launi kuwa kamar gishiri yake a miya. Su kuma filtocin nan da ke goge fuska su sa ta santsi da fari, a kashe su gaba ɗaya a duk hoton da zai shiga takardar hukuma. Wasu wayoyin da su suke zuwa a kunne, sai an shiga saitin kyamara an kashe. Kuma mu tuna yaranmu suna kallonmu: malamin da yake haska fuskar ɗalibarsa yana koya mata, ko bai furta ba, cewa launin da Allah ya ba ta yana da aibi.

Na biyar, rage girma da nauyi. A fara karanta abin da shafin rajista ya nema, domin kowace hukuma da ƙa'idarta. A rage yawan ɗigo zuwa abin da aka nema, a tabbata alamar sarƙa ko kwaɗo da ke haɗa tsawo da faɗi tana kulle, don su ragu tare. Idan har yanzu da nauyi, sai a sauke ingancin JPEG daga 100 zuwa wajen 80. Ido ba ya cika ganin bambanci, amma nauyin yana faɗuwa sosai. A sani cewa ragewa tana yiwuwa, amma ƙaramin hoto ba ya komawa babba. Idan aka buɗa shi sai ya farfashe.

Na shida, suna da ajiya. Hoto mai sunan lambobi barkatai ɓatacce ne ko da yana cikin waya. A sa masa shekara, aji da lambar ɗalibi a rajista, a zuba na kowane aji a jaka guda, a kuma ajiye kwafi a wuri na biyu, ko filashi ko kwamfutar makaranta, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Wajen aikawa, a tuna WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa; idan bugawa za a yi, a aika shi a matsayin fayil.

Allo, Takarda da Tsofaffin Hotuna

Akwai wani ma'auni da ke gyara karkata, wanda ke ba da damar jan kusurwoyi huɗu na hoto. Da shi ake mayar da hoton allo ko na takarda da aka ɗauka a karkace ya zama kamar an ɗora shi a na'urar sikana. Idan aka mayar da shi baƙi da fari aka ƙara bambancin haske da duhu, rubutu yana fitowa tangaran, kuma tawadar bugawa ba ta ƙarewa da wuri. Da wannan dabara malami zai iya adana jadawalin darasi, sakamakon jarrabawa da zanen da ya sha wahalar yi a allo kafin mai shara ya goge.

Wannan dabarar ita ce kuma za ta cece mana tarihi. Muna zaune a bakin ƙofar da littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cikin ƙofofi takwas na ganuwar da Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ginawa. Mun ga yadda ganuwa take zaizayewa a idonmu, mun kuma ga an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 wajen faɗaɗa titi. Wanda bai santa ba, sai dai a nuna masa hoto. Duk wanda ya kai ɗalibai Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa da ke tuna mana da makarantar da Hanns Vischer ya buɗe a Nasarawa a 1909, ya ga yadda yara ke tsayawa a gaban tsofaffin hotuna fiye da komai. To, a cikin durowar shugabannin makarantunmu da akwatunan malamanmu da suka yi ritaya akwai irin waɗannan hotuna, gara da damina suna cin su.

A shimfiɗa tsohon hoto a inuwa mai haske, a kashe fitilar kyamara don kada ta yi ƙyalli, a riƙe waya daidai samansa a ɗauka. Akwai abin goge tabo, mai alamar filasta a wasu manhajojin, wanda ke ɗebo launi daga gefen tabon ya rufe shi. A yi amfani da shi a kan bango da tufafi, a yi hattara da fuska. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke alƙawarin fito da tsohon hoto sabo fil, mu sani cewa ba sa dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙirar wani suke yi su cike gurbin. Sau da yawa sai a ba ka kyakkyawar fuska wadda ba ta kakanka ba ce. Garin neman gira kada a rasa ido. Sannan a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da shekarar, tun waɗanda suka san su suna raye.

Inda Ya Kamata Mu Tsaya

'Yan'uwa, hannun da ya iya gyara shi ne ya iya coge, kuma manhaja ɗaya ce. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, har yau ana ba da misali da abin a matsayin abin kunya. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye dukkan hotunan wani mai ɗaukar hoto bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut. Hayaƙin gaske yana nan, harin ma ya faru, amma ƙarin da ya yi ya jawo shakku a kan aikinsa duka. A nan gida, binciken da BBC ta fitar a 2018 ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Jihar Filato suka yawata a Facebook da bayanin ƙarya, suka ƙara rura wutar. A can ko gyara ba a yi ba, rubutun da ke ƙarƙashin hoton ne ya yi ɓarnar.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Wata damina iska ta ɗage kwanon wani aji a makarantarmu. Muka ɗauki hoto za mu haɗa da takardar koke. Wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya ce hoton bai nuna tsananin abin ba, ya duhunta sama, ya kwafi tsagar bango ɗaya ya mayar da ita uku. Muka gani, muka yi shiru. Da jami'in da aka turo ya zo, takardar na hannunsa, ya ƙirga tsaga ya ga ɗaya. Bai yi faɗa ba, amma daga nan duk abin da muka faɗa masa sai ya nemi ya gani da idonsa, har yawan yaran da ke ajin. Yaran nan a ƙarƙashin bishiya suka ƙarasa zangon. Ba za mu rantse cewa hoton ne ya jawo jinkirin ba, amma mun san mun zubar da abin da ya fi komai tsada a hannun mai koke, wato a yarda da maganarsa.

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yuni na 2024, ana ta maganar gyaran ajujuwa da samar da kujeru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne masu ɗakin. Hoton da ƙungiya za ta ajiye a teburin hukuma dole ya zama wanda ba a iya tankwaɓe shi. Ƙa'idar da muke ba da shawara a kai ita ce: a hoton shaida, an yarda a miƙe, a datse, a gyara haske don a ga abin da ke wurin. Ba a yarda a ƙara abin da babu ba, ko a cire abin da ke akwai, ko a datse ta yadda ma'ana za ta juya, kamar a yanke sabon ginin da ke gefe don a ce ba a yi komai ba. A rubuta wuri da rana, a riƙe asali. Ƙa'idar tana aiki ta ɗaya gefen ma: idan wani ya ce mu tattaro kujerun ajujuwa uku a aji ɗaya a ɗauki hoto don rahoto ya yi kyau, wannan ma coge ne, ko da ba a taɓa manhaja ba.

Haƙƙin Yara

Yaran da ke gabanmu amana ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta tanadi a nemi yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, hoton fuska kuwa yana cikin bayanan mutum. Ko babu doka, al'adarmu ta isa ta hana mu watsa hoton 'yar mutane ba da sanin gidansu ba. Kada mu saka hoton yaro yana kuka, ko ana hukunta shi, ko cikin yagaggen kaya, don neman tausayin jama'a. Zai girma, hoton kuma yana nan. Idan cunkoson aji ake son nunawa, a ɗauka daga baya. Idan dole fuska ta fito, a rufe ta da tabo mai kauri, domin ɗan dusashewa ba ya hana 'yan unguwa gane ɗan unguwarsu. A kuma sani cewa waya takan liƙa wa hoto ranar da aka ɗauka, wani lokaci har da wurin, kuma wannan bayani yana tafiya tare da hoton idan aka aika shi a matsayin fayil. Ga hoton koke wannan ƙarin hujja ne. Ga hoton yara kuwa gara a kashe shi a saitin kyamara.

Kammalawa

Muna roƙon reshe ya duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowace makaranta ta fitar da malami biyu, namiji da mace, su koyi waɗannan matakai su koya wa saura, domin akwai iyaye da ɗalibai mata da za su fi sakin jiki da malama. Na biyu, a rubuta gajeriyar takardar neman yardar iyaye da Hausa, da boko da ajami, a riƙa cikewa tun ranar ɗaukar yaro. Na uku, sakatariyar reshe ta buɗe ma'ajiyar hotunan makarantu, na da da na yanzu, kowanne da wuri da rana, kuma kada a karɓi hoton koke sai da asalinsa. Na huɗu, kafin zama na gaba kowannenmu ya ɗauki hoton abokin aikinsa a jikin farin bango, ya mayar da shi hoton fasfo mai ɗigo 413 da 531, ya kawo mu duba tare. Wanda ya kasa kada ya ji kunya, ya tambayi 'ya'yansa a gida. Mu ma 'yarmu ta sakandare ce ta fara nuna mana inda ma'aunin inuwa yake.

Ita kuwa yarinyar da muka ba ku labari, ta samu shiga ƙaramar sakandare. Bana da hannunmu muka ɗauki hotunan 'yan aji shida, muka gyara, muka nuna wa kowane yaro nasa kafin a aika, kuma babu wanda aka tsayar a bakin ƙofa.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfanar da mu. Inda muka yi kuskure, manyanmu su gyara mana. Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.